Kwamfutar Ofis Da Ciwace-Ciwacenta A Ƙasar Dutse

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshi da makarantu na ƙasar Dutse, tun daga cikin gari har Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Gwaram. Mutum ya yi sammako daga ƙauyensu, ya biya kuɗin mota, ya zo karɓar takardarsa, sai akawu ya dube shi ya ce, "Kwamfuta ta lalace, sai jibi." Da jin haka mai nema ya kan kama bakinsa ya juya, don ya san na'ura ba ta da kunnen jin roƙo.

To, muna so mu jawo hankalin akawuna da malaman makaranta bisa wannan al'amari. Kwamfuta ba ta cika lalacewa haka kawai ba. Galibin abin da a ke kira lalacewa, in an bincika, sai a tarar ƙura ce, ko zafi, ko wuta marar tsari, ko kuwa sakaci. Kuma asarar da ta fi ciwo ita ce ta rubutun da ke cikinta. Na'ura in ta mutu kuɗi ya sayo wata. Amma jerin albashin ma'aikata, da makin jarrabawar yara na shekara uku, da lissafin filaye, in sun salwanta babu kasuwar da a ke sayar da su.

Zamanin En'e, sa'ad da Dutse ta ke gunduma ƙarƙashin Kano, malamin Hakimi ba shi da komi sai alƙalami da tawada da babban littafi, in ya yi sa'a a haɗa masa da keken rubutu. Amma ya san haƙƙin kayan aikinsa. Ya kan lulluɓe tafireta kafin ya tashi. In zai buga wasiƙa ya kan sa takardar kabon ya fitar da biyu ko uku, ɗaya ta tafi Kano, ɗaya ta zauna cikin fayil. Shi ya sa har yau mai bincike ya kan je gidan adana takardun tarihi na Kaduna, ya iske rahotannin gundumomin Lardin Kano na zamanin Turawa, ya karanta abinsa da ido ba tare da wata na'ura ba. Kai, ko zanen shanun nan da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, wanda masana su ka bayyana wa duniya cikin shekarun 1950, yana nan ana kallonsa. Wasiƙar da a ka buga da kwamfuta cikin 2005 fa, ina ta ke yau, wa kuma zai iya buɗe ta?

Ba kuwa za a ce Jigawa baƙuwa ce ga wannan sha'ani ba. An yanke ta daga Kano ran 27 ga Agusta 1991. Zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, gwamnati ta ba da ƙarfi ga ilmin kwamfuta tun jihohi da yawa ba su farga ba, har a ka buɗe makarantar koyon wannan fanni a Kazaure cikin 2001. Cikin 2011 a ka kafa Jami'ar Tarayya a Dutse. Tun 2015 kuma babu yaron da ya ke rubuta jarrabawar JAMB sai bisa kwamfuta. Watau masu sani akwai su, na'urori ma sun shigo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗabi'ar kula da kaya irin ta malaman da.

Wuta Da Ƙura

Mu fara da wuta. Har gobe jama'a NEPA su ke cewa, ko da ya ke sunan nan ya kau tun 2005, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Ko ma wane suna a ka kira ta, kwamfutar tebur ba ta son wutar da ke hawa da sauka. Faifan ajiya irin na da, wanda har yanzu shi ne cikin yawancin tsofaffin na'urorin ofis, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 cikin minti guda. In a ka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, sai fayil ɗin ya tsaya rabi da rabi, gobe a zo buɗe shi ya ƙi. Lokacin da ya fi hatsari kuwa shi ne sa'ad da a ke juya wuta zuwa janareta. Kamata ya yi a kashe kwamfuta a zare ta daga bango, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu ya daidaita numfashinsa, sa'an nan a mayar.

Akwatin nan mai batiri da a ke kira UPS, mutane da yawa ba su fahimci aikinsa ba. Ba don a ci gaba da aiki a ka yi shi ba. Amfaninsa ya ba ka 'yan mintoci ka ajiye abin da ka ke bugawa, ka kashe na'ura a natse. In ya fara ƙara ya mutu nan take da zarar an ɗauke wuta, kada a jefar da shi cikin sito. Batirinsa ne ya gaji, kuma ana sayar da shi daban. Masu ƙera batirin nan da zafin digiri 25 su ke yin lissafinsu, kuma ƙarin ko wane digiri goma ya kan rage kwanakinsa da kamar rabi. Wanda ya san zafin Dutse cikin Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, ba zai yi mamakin mutuwarsa da wuri ba. Har wa yau kada a jona babbar firinta mai tawadar gari a jikinsa, don tana jan wuta fiye da ƙarfinsa.

Ƙura kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba sai mun yi wa kowa bayaninta ba. Cikin ko wace kwamfuta akwai 'yar fanka mai fitar da zafi. In ƙurar hunturu ta toshe kafofinta, sai ka ji fankar tana gurnani, aiki ya yi nauyi, bayan rabin sa'a na'ura ta kashe kanta don gudun ƙonewa. Nan da nan sai a ce ai bairos ne. Ba bairos ba ne. A kashe ta, a zare waya, a hure ta da abin hura iska, sau biyu a shekara ya isa. Masu laftof su daina ɗora ta bisa katifa ko darduma, don ta ƙasa ta ke shaƙar iska. Mayafi kuma sai bayan an kashe ta a ke lulluɓa mata.

Ga wani ƙaramin abu da ya sha sa mutane biyan kuɗin gyara a banza. Wata rana sai kwamfuta ta ƙi buɗe shafukan intanet, tana ta gargaɗi cewa hanyar ba ta da aminci, alhali akwai data. Kafin ka kira kowa, dubi kwanan wata a kusurwar allo. In ka ga ta koma wata shekara da ta wuce, to wani ɗan batiri ne mai kama da sule a cikin cikinta ya ƙare, lambarsa CR2032. Shi ke riƙe mata agogo in an kashe ta. Gyara kwanan wata, shafuka su buɗe, ka sayi sabon batirin ko a wurin masu gyaran agogo.

Filashi Da Mai Gyara

Yanzu mun zo inda a ke yin babbar asara. Filashi shi ne ɗan aiken ofis na wannan zamani, yau yana makaranta, gobe yana shagon buga takardu, jibi yana ofishin ilmi, kuma duk inda ya shiga ya kan kwaso abin da ya tarar. Cutar da ta fi yawo a wurarenmu ita ce wadda ke sa mutum ya buɗe filashinsa ya ga fayilolinsa duk sun ɓace, sai wasu 'yan alamu masu kibiya a madadinsu. Hankali ya tashi, a ruga wurin mai gyara, shi kuwa ya ce a yi fomatin. To, ku sani, fayilolin nan suna nan, ɓoye su kurum cutar ta yi. Kada a danna alamun nan masu kibiya, don dannawar ce ke yaɗa ta. A fara bin filashin da manhajar tsaro, ko da wadda ke zuwa tare da Windows ce in ana sabunta ta. Sa'an nan a umurci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli, har da waɗanda ta ke karewa don kanta. Sai ga su sun bayyana, a kwashe su zuwa wani wuri. Bayan nan in an ga dama a yi fomatin ɗin.

Ba mu ce masu gyara macuta ba ne. Akwai samari masu hazaƙa ƙwarai cikinsu, kuma in ba don su ba da rabin na'urorin ƙasar nan suna kwance. Amma mai gyara na'ura ya ke dubawa, shi bai san abin da ke cikin fayil ɗinka ba, kuma fomatin ita ce hanya mafi sauri a gare shi. Sabo da haka kada akawu ya miƙa kwamfutar hukuma ya juya baya. Ya ce a fara kwashe masa rubutunsa a gabansa. Ko da kwamfuta ta ƙi tashi gaba ɗaya, sau da yawa a kan zare faifanta a jona ga wata, a kwashe abin da ke ciki. Sai dai a lura, sababbin na'urori da yawa su kan kulle faifansu da kansu, kuma ba ya buɗuwa a wata na'ura sai da wani mabuɗi mai lambobi 48. Duk ofishin da ya karɓi sabuwar kwamfuta, ya nemo lambobin nan tun ran farko, ya rubuta a takarda, ya sa cikin akwatin ƙarfe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganin duk wannan fargaba shi ne a koma ga dabarar takardar kabon. Ko wane muhimmin rubutu ya zama yana wuri uku: ɗaya cikin kwamfuta, ɗaya cikin faifai na daban da ke kulle a durowa, ɗaya kuma wajen ginin ofis ɗin baki ɗaya, don gobara da ɓarawo ba su barin na durowa. Ajiya ta intanet tana biyan wannan bukata ta uku, Google ma ya kan ba ko wane mai asusu gigabait 15 kyauta, wanda ya fi ƙarfin takardun makarantar firamare na shekaru masu yawa. Amma a buɗe asusun da sunan ofis, mutum biyu su san kalmar sirrinsa, a kuma sa shi cikin takardar miƙa aiki. In da sunan akawu a ka buɗe, ran da a ka yi masa canji zuwa Miga ko Buji, tarihin ofis ya bi shi. Mu ƙara da cewa tun watan Yuni 2023 akwai dokar ƙasa mai kare bayanan mutane, don haka jefa jerin sunayen yara da lambobinsu na ɗan ƙasa cikin zauren WhatsApp ba abin wasa ba ne. Filashi mai araha da a ke talla a bakin tasha kuma a yi hattara da shi, akwai na jabu da a kan rubuta wa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya riƙa cinye tsohon rubutu yana ɗora sabo.

Game da Windows, ga ra'ayinmu a taƙaice. Kamfanin Microsoft ya daina toshe kafofin Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai ga waɗanda su ka shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa ba ta karɓar yawancin na'urorin da a ka ƙera kafin wajen 2018, su ne kuwa su ka fi yawa cikin na hannu da a ke sayarwa a kasuwanninmu. Wanda ke ganin sabuntawa ɓarnar data ce, ya tuna abin da ya faru cikin Mayu 2017, sa'ad da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitoci a Ingila su ka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali maganinta ya fito tun watan Maris, ba a sa ba ne kawai. Duk da haka ba mu ga dalilin zubar da na'ura mai lafiya ba. Wadda aikinta buga wasiƙa da lissafi ne, a sa mata Linux Mint da LibreOffice, duka kyauta ne kuma halal, sun fi manhajar sata wadda ba a san abin da a ka cusa cikinta ba. Akawu mai himma ba zai daɗe bai saba da su ba.

Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Saura magana guda wadda ta shafe mu mu kaɗai, babu kuwa wani mai gyara daga waje da zai damu da ita, watau ɓ da ɗ da ƙ. Tun shekarun 1930, zamanin da Dokta East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, a ka tsayar da waɗannan baƙaƙe cikin rubutun boko. Kafin nan ɗigo a ke sa musu a ƙarƙashi, ko wata 'yar alama a gefe. Ba don ado a ka yi su ba. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Malamin da ya buga wa yara tambayoyin Hausa ya rubuta "bari" inda ya ke nufin "ɓari", ya rushe da hannunsa abin da ya koyar da bakinsa.

Da kwamfuta ta shigo, babu waɗannan baƙaƙe a jikin madannanta. Cikin shekarun 1990 sai Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon rubutu guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda su ka fitar da marubuta da maɗaba'u kunya shekara da shekaru. Dabarar ita ce, an ari wasu alamu da Hausa ba ta cika bukata ba, a ka ɗora musu siffar baƙaƙenmu. Ka danna } ka ga ƙ, ka danna ] ka ga ɗ, ka danna ~ ka ga ɓ. Dabara ce mai kyau a lokacinta, sai dai kwamfuta a cikin ranta alamar nan ta farko ta ke riƙe da ita, siffar kawai a ka sake mata. Sabo da haka in a ka kai rubutun wata na'ura da ba ta da wannan salo, sai rigar aro ta tuɓe, ka ga "}asa" maimakon ƙasa, "]aya" maimakon ɗaya, "Ha]eja" maimakon Haɗeja. Kowa ya sha ganin irin wannan, wasu har su kan zaci bairos ne ya ci takardar.

Hanyar da ta ɗore ita ce tsarin Unicode, wanda ya ba ko wane baƙi na harsunan duniya lambarsa ta kansa. Ya fara fitowa cikin 1991, watau sa'an Jihar Jigawa ne. A cikinsa ƙ tana da lamba 0199, ɗ tana da 0257, ɓ tana da 0253, manyansu kuwa 0198 da 018A da 0181. Har ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu mu ke sa 'y, tana da tata. Cikin Word, in ka buga U+0199 sa'an nan ka danna Alt da X tare, sai ta rikiɗa ta zama ƙ. Kada a bar U+ ɗin nan, don in baƙin da ya gabata a ne ko b ko d, kwamfuta ta kan haɗa shi da lambar ta rikice. Wannan ta masu larura ce. Wanda ke buga Hausa kullum, ya shiga wurin zaɓen harshe na Windows ya ƙara madannan Hausa, suna nan ciki ba sai an saya ba. A waya ma Gboard yana da Hausa. In baƙi ya fito kamar ɗan akwati, rubutun bai ɓaci ba, salon ne ba shi da siffar, a mayar da shi Times New Roman ko Arial.

Tsofaffin takardun da a ka buga da Rabi'at fa? Nan ne aiki ya ke, kuma gara a yi shi tun tsofaffin na'urorin suna numfashi. A ɗauki kwafin fayil, kada a taɓa na asali. A danna Ctrl da H, a ce a musanya ko wace } da ƙ, ko wace { da Ƙ, ] da ɗ, [ da Ɗ, ~ da ɓ, | da Ɓ. Sau shida ke nan, bai fi aikin minti biyar ba ko da littafi ne guda. Daga nan a bi shi da ido, don in akwai inda marubucin ya yi nufin baka ta gaskiya, ita ma ta juye. Masu aiki da Excel su lura, a can sai an buga ~ sau biyu a jere kafin ya gane ita a ke nema.

Cikin jerin sunaye ne wannan al'amari ya ke zama na kuɗi. Akawu ɗaya ya buga Ɗahiru, na biyu ya buga Dahiru, na uku ya buga 'Dahiru, tsohon fayil kuma yana ɗauke da [ahiru. Ga ido mutum ɗaya ne, amma ga kwamfuta mutum huɗu ne, in an nemi ɗaya sauran ukun ba su fitowa. Ta haka a kan wayi gari sunan malami ya faɗi daga jerin albashi, ko yaro ya rasa sakamakonsa, a yi ta zarya. Shawararmu ita ce a raba aiki biyu. Cikin wasiƙa da darasi da tambayoyin jarrabawa, a ba Hausa haƙƙinta, a sa lanƙwasa inda ta ke. Amma duk jerin da za a aika wa banki ko hukumar jarrabawa, a kwafi sunan baƙi da baƙi kamar yadda ya ke bisa takardar lambar ɗan ƙasa ta mai shi, ko da akawu yana ganin an yi kuskure a can. In da gyara, mai sunan ne zai je ofishin hukumar katin ɗan ƙasa ya nema, sa'an nan ya kawo sabuwar takarda a gyara na ofis.